Kowane Ƙarfe da Iyakarsa: Nasiha ga Samarin Magarya da Dungas

'Ya'yana da jikokina na ƙasar Magarya da Dungas, tun daga Sasumburum da Yekuwa, Kwaya da Ɗan Ciyaw, Bande da Waca, har Guci da Malawa da Dogo-Dogo. Allah ya yi muku albarka, ya raya mana ku. Ku matso kusa. Yau zancen bindiga zan yi muku, ina roƙon ku ara mini kunnuwanku har in kai aya.

Ga abin da ya ta da maganar. A Babbar Sallar da ta wuce, wani jikana da ya shiga aikin ɗamara ya zo gida hutu. Bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida, sai ya miƙo mini wayarsa, ya nuna mini hoton kwalin harsashin ƙaramar bindiga. A jikin kwalin an rubuta 9mm, ga kuma alamar tarawa da harafin P a gefe. Ya ce, "Kaka, an ce wannan ya fi wanda ake ba mu ƙarfi. Ashe ba shi ya kamata mutum ya nema ba?" Ban kai ga buɗe baki ba sai muka ji tashin bindigar toka daga wajen fada, samari suna sowa. Wani yaro ya wuce da gudu yana gaya wa ɗan'uwansa cewa ta wane ta fi ta kowa tsawa, don shi awo biyu yake zuba mata. Na dubi jikana na ce masa, kai da wancan mai awo biyun tambayarku ɗaya, amsarku ma ɗaya ce.

Mahaifina maharbi ne, Allah ya jiƙansa. Ni kuma na ci shekaru a aikin ɗamara, mafi yawansu a ɗakin ajiyar makamai, ina karɓa ina bayarwa, ina gogewa ina dubawa. A gidajen nan biyu darasi ɗaya na koyo: kowane ƙarfe yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma ranar da aka ɗora masa fiye da haka, wanda yake riƙe da shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa.

Ina da shekara goma sha biyu na fara gani da idona. Ana ɗaurin aure a wani ƙauye da ke kusa da namu. Akwai wani saurayi, manomi ne mai ƙwazo, kowa na son sa. Ya aro bindigar kawunsa don ya yi wa abokinsa ango kara. Harbi na farko ya tashi lafiya. Abokai suka ce ai ba ta yi amo ba, ta ƙauyen gaba ta fi ta. Sai ya ƙara albarushi, ya danna tsumma, ya ƙara dannawa har yana dukan sandar ɗuri da dutse. Ya ɗaga ta sama ya ja kunama. Ƙarar da ta tashi ba irin wadda muka saba ji ba ce, busasshiya ce kamar an tsaga kwano. Hayaƙi ya turnuƙe, makaɗa suka tsaya cak. Da hayaƙin ya wanye, muka ga bututun ya dare daga gindi kamar rake da aka tsaga da wuƙa, daidai inda hannunsa na hagu yake tallafe da shi. Bai yi kuka ba, kallon hannun kawai yake yi. A kan jaki aka fara ɗaukarsa, daga baya aka sami mota zuwa Magarya, daga can aka wuce da shi Damagaram. Ya dawo da rai, amma yatsu uku sun tafi. Na san shi har tsufansa. Kowace damina sai ya ɗaure ƙotar hauya a wuyan hannunsa da tsumma kafin ya iya noma. Abokan da suka zuga shi kuwa da yatsunsu goma-goma aka binne su.

Domin ku gane abin da ya faru da shi, sai kun san abin da ke gudana a cikin bindiga lokacin da aka harba. Albarushi yana kamawa da wuta, nan take ya rikiɗe ya zama iska mai zafi, iskar nan kuwa tana neman wurin da ya ninka wurin da take sau ɗaruruwa. Ba ta san gaba ba, ba ta san baya ba. Tana tura harsashi, tana tura bangon bututu, tana tura murfin da ke saitin fuskar mai harbi, duk da ƙarfi ɗaya. Abin da ya sa harsashi ke fita ta gaba shi ne can ne ƙofa mafi sauƙi. Idan ƙofar ta toshe, ko iskar ta fi ƙarfin bango, sai ta buɗe wa kanta wata ƙofar.

Wannan turin shi ake kira matsi, kuma ana auna shi. Kun san agogon da mai faci ke kafawa a bakin taya. Tayar ƙaramar mota takan tsaya wajen 35 a ma'aunin da Amurkawa ke aiki da shi. To, a wannan ma'aunin dai, harsashin 9mm na yau da kullum an yarda matsinsa ya kai 35,000. Ninki dubu ke nan na iskar taya, a cikin ɗan ɗakin da bai kai ɗan yatsa ba, kuma tazarar da ke tsakaninsa da idonka ba ta wuce tsawon hannunka ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tayar da ta fashe a tasha, ya auna da hankalinsa.

Yanzu sai mu koma kan hoton jikana. A Amurka akwai ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai da ake kira SAAMI, an kafa ta a 1926, ita ke yanka wa kowane irin harsashi iyakar matsinsa. Ita ce ta amince da alamar +P ga wasu 'yan ƙalilan daga cikin harsasai, ma'ana an ƙara musu matsi bisa na asali, amma da awo sananne. Na 9mm ya tashi daga 35,000 zuwa 38,500, ƙarin kashi goma cikin ɗari. Na libarba da ake kira .38 Special ya tashi daga 17,000 zuwa 20,000. Na .45 ACP daga 21,000 zuwa 23,000. Akwai kuma wanda ake rubuta wa +P+, shi wannan ƙungiyar ba ta yanka masa iyaka ba sam, kowane kamfani da abin da ya ga dama. Wanda ya sa shi a bindigarsa ya hau dokin da bai san mai shi ba, bai kuma san linzaminsa ba.

Abin da ya sa lamarin ke da haɗari shi ne, in ka ajiye harsashin +P kusa da na yau da kullum, ido ba zai raba su ba. Tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya, dukansu za su shiga bindiga su zauna daram. Bambancin yana cikin ɗan rubutun da ke gindin ƙwanso da jikin kwali. Don haka ku riƙe wannan da kyau: shigar harsashi cikin bindiga ba izinin harba shi ba ne. Izini yana wurin wanda ya ƙera bindigar. In takardar da ta zo da ita ta ce tana ɗaukar +P, to tana ɗauka. In takardar ta hana, ko ta yi shiru, ko ma babu takardar, sai a tsaya ga na asali. Tsofaffin bindigogi da aka gada, da libarba mai jikin goran ruwa marar nauyi irin ta da, da duk wadda ba a san inda aka ƙera ta ba, ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Masu ƙera makamai da kansu sun san wannan tarko tun da daɗewa. A 1935, da kamfanin Smith & Wesson ya fito da .357 Magnum, wanda matsinsa ya ninka na .38 Special, sai aka ƙara wa ƙwansonsa tsawo da kamar milimita uku, da gangan, don kada ya shiga tsohuwar libarba ya tarwatsa ta. Amma ba ko'ina aka yi wannan dabara ba. Harsashin Tokarev na Rasha yakan shiga tsohuwar bindigar Mauser ta Jamus, don kusan girmansu ɗaya, alhali yawancinsa ya fi ƙarfin abin da aka ƙera ta dominsa. Haka nan sunan 9mm kansa gida uku ne a hannun mutane: akwai 9×17, akwai 9×18 na Makarov, akwai 9×19 wanda Georg Luger ya ƙirƙiro a farkon ƙarnin da ya wuce. Suna ɗaya, ɗaki daban-daban. Wasu ƙasashe ma sun taɓa ƙera 9×19 mai zafi na musamman don bindigogi masu aman wuta, ba don ƙaramar bindigar ƙugu ba.

Ko bindigar da aka yarda ta ɗauki matsi mai yawa, ba kyauta take ɗauka ba. Ƙarfe yana gajiya kamar yadda jaki ke gajiya. Kowane harbi mai zafi yana ƙara dukan sassan da ke kai da komowa, yana sassauta sifirin, yana buɗe 'yar tsagar da ido bai gani ba tukuna. Sojan Amurka sun ɗauki bindigar Beretta a 1985, suka sa mata suna M9. Ba a yi shekara uku ba sai aka sami 'yan lokutan da murfin samanta ya karye ana cikin atisaye, ya dawo baya ya sami mai harbi a fuska. An yi ta muhawara, wasu suka ɗora laifin kan harsashi mai matsi fiye da kima, wasu kan ingancin ƙarfen. A ƙarshe sai da aka sake fasalin bindigar, aka sa mata abin da zai tare murfin in ya karye. Wannan fa rundunar da ke da injiniyoyi da ɗakunan gwaji ke nan. Ina ga saurayin da ya sayi tasa a bayan kasuwa, cikin duhu, a naɗe da tsumma?

Sannan ku tambayi kanku, me ake samu a ƙarin? Gudun harsashi yakan ƙaru kaɗan. A madadin haka bindiga tana ƙara harbin hannu, bakinta yana ƙara tashi sama, wuta da ƙara suna ƙaruwa, harbi na biyu yana ƙara wuyar saitawa. Duk malamin harbi na gaskiya zai gaya muku cewa harsashi mai sanyi da ya sami inda aka nufa ya fi mai zafi da ya kauce. Wanda ya kauce kuwa ba ɓacewa yake yi ba, wani wuri yake sauka, kuma garuruwanmu cike suke da yara da awaki da mata masu daka a bayan danga. Shi ya sa na ce wa jikana: ɗana, abin da mai kula da ɗakin makamai ya ƙirga ya ba ka, shi ne naka. An zaɓe shi daidai da bindigar da ke ƙugunka. Kada ka karɓi na aboki, kada ka sayi na kasuwa, kada ka cuɗa iri biyu a gida ɗaya.

Na san da yawanku ba su taɓa riƙe irin waccan bindigar ba. Tamu ta gida ita ce bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka ko harbi-ruga, ta maharba da masu gadin gona da 'yan bindigar sarki ranar hawa. Ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, ya tara dubban bindigogi, a zamaninsa ana haɗa albarushi a cikin birni, har igwa ake zubawa. Ƙasashen Sosebaki, wato Miriya da Waca da Dungas, duk sun san amon waɗannan bindigogi. Saboda haka ba raina gadonmu nake yi ba. Ina so ne ku san shi fiye da yadda kuka san shi yanzu.

A Turai akwai hukumar da ake kira CIP, wadda aka kafa a 1914, ƙasashe irin su Beljiyam da Faransa da Jamus da Italiya suna cikinta. A ƙasashen nan ba a sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji. A can za a ɗura mata harsashin da aka ƙara wa matsi da gangan, na ƙaramar bindiga da kashi talatin cikin ɗari bisa iyaka, a harba ta a cikin killataccen wuri ba kowa kusa. In ta jure, a duba ta, a buga mata hatimi a jikin ƙarfe. Ita kuwa bindigar maƙeranmu, da bututun ruwa ko sandar sitiyarin tsohuwar mota ake yin ta. Maƙerin yana iya zama gwani, amma ba shi ya narka ƙarfen ba, bai san shekarun da ya yi yana tsatsa ba, ba shi da na'urar da zai leƙa cikinsa. Bututun ruwa kuma yana da ɗinki a tsawonsa, nan ne yake darewa. Bindigar da ba ta je gidan gwaji ba, hannun mai ita ne gidan gwajinta. Duk ranar da ya ƙara awo, ya sake kai hannunsa gwaji.

Akwai wani abu da na ji wasu samari suna yi wanda ya fi ƙarin awo muni, kuma ina roƙonku da girman Allah ku bar shi. Sukan fasa harsashin zamani su juye garin da ke ciki a bindigar toka, wai don ta fi tsawa. 'Ya'yana, garin nan ba albarushin kakanninmu ba ne. Wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya fito da irinsa a 1884, ba ya hayaƙi sosai, kuma in aka kulle shi a wuri matsinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. Saboda shi ne ma aka koma ƙera bindigogi da ƙarfe na musamman. Ko bindigar toka ta kamfani, wadda aka gwada aka buga wa hatimi, an rubuta a jikinta cewa baƙin albarushi kaɗai take ci. Babu wani awo na garin zamani da ya dace da bututun maƙera, komai ƙanƙantarsa. Haka kan ashana, haka duk wani haɗe-haɗe da wani zai ce ya gwada ya ga ya yi. Wanda ya yi haka ya daina riƙe bindiga, nakiya ce ya rungume.

Mahaifina yana da ɗan ƙahon da yake awo da shi, ya yanke shi daidai abin da bindigarsa ke ci, kuma har ya bar duniya ban ga ya tsallake bakinsa ba. Ba ya zuba albarushi kai tsaye daga gora, don ya san wani lokaci akan bar ɗan garwashi a cikin bututu bayan harbi, in ya kama sai ya bi har cikin gorar da ke hannu. Yana da kuma zane a jikin sandar ɗurinsa. In ya zura ta, zanen ya zo daidai bakin bututu, ya san babu komai ciki. In zanen ya tsaya sama, akwai ɗuri. Da wannan ɗan zanen ya kare kansa daga ɗura bindiga sau biyu, wanda shi ne ya fi fasa bututu ranar biki, lokacin da kiɗa ya yi daɗi, bindiga tana yawo daga hannu zuwa hannu, kowa na zaton wancan ya harba.

Matsi kuma yakan ƙaru ba tare da kowa ya ƙara komai ba, wannan ya shafi ta toka da ta zamani baki ɗaya. Wata rana, bayan damina, mahaifina ya sauko da bindigarsa daga inda take rataye, ya ɗaga bututun saitin rana ya leƙa, sai ya kira ni ya ce in leƙa. Duhu na gani. Ya sa sanda ya zungura, sai ga busasshen laka yana zubowa tare da 'yan tsutsotsi. Zanzaro ne ya yi gini a ciki. Ya ce mini, da na harba ta a haka, da yau ba ka da uba mai ido biyu. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Yashin da iskar hunturu ke kwasowa, da taɓon fadama in bakin bindiga ya caki ƙasa, da tsumman da aka toshe baki da shi aka manta, da man da aka cika, duk aikin zanzaron nan suke yi.

Haka in ka ja kunama ka ji ƙarar ta fito a raunane, kamar an buɗe kwalba, ka tsaya nan. Mai yiwuwa harsashin bai fita ba, yana maƙale a tsakiyar bututu, na biyu in ya same shi a can bututun ne zai biya. In kuma ka ja ba ta tashi ba sam, kada ka juyo bakinta ka leƙa, kada ka juya ka nuna wa abokinka. Riƙe ta yadda take, bakinta na kallon inda ba kowa, ka ƙirga sittin a hankali, don wata wutar takan yi jinkiri kafin ta kama. Ta toka ma ta fi son a ƙara mata haƙuri.

Zafin ƙasarmu shi ma yana da nasa rabo. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, harsashin da aka bari a gaban mota ko a akwatin babur cikin rana yakan yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa, kuma garin da ya yi zafi ya fi saurin ci, matsinsa ya fi. In dama +P ne, an ɗora kaya a kan kaya. Masu ɗamara kuma, ku lura da harsashin nan na farko da kuke sawa da safe ku cire da yamma, kullum shi ɗaya. Yawan turawa yakan sa kansa ya nutse cikin ƙwanso, ɗakin garin ya ƙuntata, matsi ya hau. Ku jera shi da 'yan'uwansa a kan tebur, in ya fi su gajarta ku mayar da shi ɗakin makamai.

Ƙarfe yakan yi magana kafin ya karye, sai dai a ƙi saurara. Ku riƙa ɗaukar ƙwanson da ya faɗi ku duba. In ya kumbura, ko ya tsage, ko ɗan maɓallin gindinsa ya baje ko ya huje, ko yana wuyar fita, matsi ya yi yawa. In kun shafa bututu kuka ji ƙulli, ko kuka ga 'yar tsaga kamar silin gashi, ko kuka ji harbin ya sauya ba kamar jiya ba, ku ajiye ta. Kada a kai ta wurin mai walda ya liƙe. Bututun da ya kumbura ya gama aikinsa a duniya.

Ku tausaya wa kunnuwanku da idanunku. Ƙarar ƙaramar bindiga tana haura desibel 150, alhali daga 140 kunne ke iya lalacewa da harbi ɗaya, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ku dubi tsofaffin maharba da tsofaffin sojoji, nawa ne cikinsu sai an ɗaga murya? A wurin atisaye a toshe kunne, a sa gilashin kariya, ba ragwanta ba ce. Harbin sama na murna kuwa da harsashi mai rai, ku sani duk abin da ya hau sai ya sauko, kuma ba ya zaɓen kan da zai sauka.

In kuma ƙaddara ta faɗa, a danne raunin da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a nufi likita nan take. Kada a zuba toka ko ƙasa ko man birki. A yi allurar tetanos. Na san wasu kan ɓoye mai rauni a ɗaki don tsoron tambayar hukuma, har hannu ya ruɓe. Amsa tambaya ta fi yanke hannu sauƙi.

Wannan ya kawo ni ga maganar doka, wadda ita ce ta gaba da duk abin da na faɗa. A Nijar ba a mallakar bindiga sai da izinin hukuma. Mu mutanen bakin iyaka ne, ƙafarmu ɗaya a nan ɗaya a Jigawa da Katsina, ranar Alhamis rabin Dungas yana kasuwar Maigatari. Tun bayan rushewar Libiya a 2011 makamai suka bazu a Sahel, kuma mun ga abin da suka yi wa 'yan'uwanmu a Zamfara da Katsina da kudancin Maraɗi. A da in an ce 'yan bindiga, dogaran da ke gaban sarki ranar Sallah ake nufi. Yau in an faɗi kalmar sai gaban uwa ya faɗi. Kada ku bari wannan suna ya sauka a ƙasarmu. Harsashin da ke yawo a hannun 'yan fasa-ƙwauri ba a san shekarunsa ba, ba a san ranar da ya sha ba, wani ma an sake cika shi da hannu. Tsintacciyar mage ba ta mage. Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai tun 1994, kuma ranar 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a don shaidar zaman lafiya. Wanda ya tsinci makami, ko ya gaje shi ba takarda, ya je wurin mai gari ko hakimi su raka shi wurin jandarma. Hanyar a buɗe take.

Wani zai ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wani kuma ya dogara da layar da ke damtsensa. Ni ma na yi imani da ƙaddara. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya koya mana ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, ya kuma umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani. In an yi wannan tsanani a kan kibiya, ku auna da abin da ke ɗauke da ninki dubu na iskar taya. Saurayin da na ba ku labarinsa ma da layu a damtsensa ranar nan. Jikinka amana ce, jikin maƙwabcinka haramun ne a gare ka.

'Ya'yana, na san jinin ƙuruciya, yana son a ce tasa ta fi amo. Amma ku duba cikin garuruwanku ku ga maharban da suka tsufa da yatsunsu cikakku da idanunsu biyu. Za ku tarar dukansu masu awo ne, masu leƙa bututu kafin ɗuri, waɗanda ba a zuga su. Su ne gwanaye, don su ne suka kai yau suna ba da labari. Jikana ya koma bakin aikinsa bayan Sallah. Da zai tafi ya durƙusa ya yi mini sallama, na kama hannunsa na dama na ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya, na kama na hagu na ƙirga, na ce masa goma na ba ka, goma nake so ka dawo mini da su. Abin da nake faɗa wa kowane ɗayanku ke nan. Waɗannan hannuwa su za su riƙe hauya a gonakin gero, su yanki rake a fadamun Korama, su ɗauki jariranku ranar suna, su kuma sa mu a kabari in lokacinmu ya yi.

Allah ya tsare ku, ya tsare ƙasarmu, ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya mai ɗorewa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.